Yadda Na Kwantar da Dada a Tungan Maje

Karu ce zangona na farko a Abuja, kuma ba hannu bibbiyu ta karɓe ni ba. Na sauka gidan Anti Ladi, 'yar unguwarmu ta Misau da aure ya kawo ta nan tun ina firamare. Kayana ba su wuce jaka ɗaya ba, sai takardar difloma ta aikin kiwon lafiya da na naɗe a leda biyu saboda tsabar ji da ita. Gidan ciki da falo ne. Falon aka ba ni, da sharaɗin in naɗe katifa kafin yara su tashi shirin makaranta. Anti Ladi ba muguwa ba ce, wannan zan faɗa a gaban kowa. Sai dai kirkin Abuja irin maganin kemis ne, akwai ranar lalacewa a jikin kwalin, baƙo ne kawai bai iya dubawa ba.

A sati na biyu aka haɗa ni da wani mutum da ake kira Honarabul, ko da yake har yau ban ga wanda ya taɓa zaɓensa ba. Mutum ne mai ƙamshin turare da wayoyi uku a hannu. Ya ce yana da hanya a wata ma'aikatar tarayya, ana ɗaukar ma'aikatan lafiya a ɓoye, in kawo takardata. Na miƙa masa kwafi. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Haba ƙanwata, photocopy za a kai wa Oga? Nan fa Abuja ne. Original ake gani. Gobe in dawo miki da abinki."

Wallahi da hannuna na kwance ledar na ba shi, har ina godiya. Daga nan na shiga sintiri. Wata huɗu ina zuwa bakin ƙofar ma'aikatar, har masu gadi suka daina tambayata wurin wa na zo. Yau Oga ya yi tafiya, gobe fayil yana kan tebur, jibi ana jiran sa hannu. Ran nan na kira shi, wayar farko a kashe, ta biyu a kashe, ta uku wata mata ta ɗauka ta ce ita sabon layi ta saya. An yi awon gaba da takardata ke nan.

Komawa gida ya kamata in yi, amma da wane ido? Inna ta riga ta zagaye Misau ta sanar 'yarta ta samu aikin tarayya. Ni na jawo, don ni na ce mata sa hannu kawai ya rage. Duk Juma'a sai ta kira ni ta bi maƙwabta da wayar ɗaya bayan ɗaya suna yi min murna, ni kuwa ina tsaye bayan gidan Anti Ladi kusa da kwata ina amsa amin. In na jiyo kukan awakinmu ta cikin wayar, sai in yi saurin sallama in katse kiran. Na ƙudurta a raina ko sharar titi zan yi, ba zan koma Misau hannu Rabbana ba.

A cikin wannan hali ciwon ya same ni. Ranar farko a bas ne, mun maƙale a gosulon gadar Karu da hantsi, mutum kan mutum, ga hayaƙi. Haka kawai ƙirjina ya rufe. Zuciyata ta hau duka, yatsuna suka yi sanyi, ina jan iska ba ta wucewa. Na fara kalmar shahada, don na ɗauka tafiyar ce ta zo. Wata Inyamura da ke kusa da ni ta fasa ledar ruwanta ta shafa min a fuska, tana ta "sorry, sorry" tana yi min fifita da kwali har muka sauka. Ban san sunanta ba, amma ban manta da ita ba. Daga ranar abin ya zama ɗan gida, sau biyu ko uku a sati. Na auna jinina a kemis, lafiya lau. Anti Ladi ta ce iska ce, ta samo min hayaƙi. Hayaƙin tari kawai ya ƙara min.

Zango na biyu Wuse ce. Wata maƙwabciya ta samo min aikin goge-goge a wani wuri da ake yin yoga, a saman wani bene. Mai wurin Bayarabiya ce, Madam Tola, doguwa siririya, ta daɗe a ƙasar waje. Hausarta irin ta Abuja ce, da "kai" take kiran kowa, mace ko namiji. Aikina in share, in goge madubai, in wanke tabarmin roba da ake shimfiɗawa, in jera su kafin baƙi su iso.

Satin farko dariya nake ƙunshewa. Manyan mata, matan daraktoci da su kansu daraktocin, su faka motoci, su hawo, su cire takalma, su yi ta miƙa suna lanƙwasa jiki. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne a zauna a koya musu numfashi. Numfashi fa, wanda ko akuya ba a koya mata! Ina riƙe da tsumma a lungu ina cewa a raina, ku zo ku hau bas ɗin Karu sau ɗaya ku ga mai neman iska da gaske.

Sai ga shi wata safiya ciwon ya kama ni ina tsakiyar goge daɓe da mofi, na zube a jikin bango. Madam ta fito ta gan ni. Ba ta yi ihu ba, ba ta kira kowa ba. Ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta kama hannuna ta ɗora a cikina.

"Saudatu, kada ka ji tsoro. Ba mutuwa ba ne. Ja iska ta hanci, ni zan ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Good. Yanzu sake shi small small, har shida."

Mun yi kamar sau goma. A hankali na ji cikina yana ɗaga hannuna yana saukewa, dukan zuciyar ya lafa, ɗakin ya dawo daidai. Na fashe da kuka, ita kuma ta bar ni na yi abina.

Ba zan yi wa yoga ƙazafi ba, ta yi min aiki. Kullum bayan sallar asuba nakan zauna a kan darduma in yi numfashin nan na minti goma, sannan in yi miƙe-miƙen da na sata da ido a wurin aiki. Anti Ladi ta ce in yi hankali, bautar Indiyawa ce. Na ce mata ni iskar Allah nake shaƙa, ban kira sunan kowa ba. A bas ma, da na ji alamar ƙirjin zai rufe, sai in rufe ido in fara ƙirga. Kafin wata biyu ciwon ya ja da baya, na koma cin abinci, har wuyana ya ciko.

A bayan benen akwai bishiyar dogon yaro, a nan Dada take zama. Tsohuwar Bafulatana ce mai sayar da fura da nono, tana zuwa daga rugarsu ta wajen Tungan Maje ita da 'yarta Hajjo. Ranar da ta fara yi min magana, ina tsaye ne nesa ina kallon masu saye.

"Ke 'yar nan, kallon ba ya ƙosarwa. Zo ki zauna. 'Yar ina ce?"

"Misau, Dada."

"Ashe tamu ce. Hajjo, dama mata, ki sa man shanu."

Daga ranar na samu uwa a Abuja. In ina da shi in biya, in babu ta ce in sha in tashi mata a wuri. Ita kaɗai na gaya wa gaskiyar takardata, ba ta kuma yi min wa'azi ba, cewa ta yi Allah ya isa tsakanina da Honarabul. Ita ma tana da nata. Masu gina rukunin gidaje sun zagaye rafin da suke ɗiban ruwa da katanga, yanzu matan rugar sai sun yi tafiya mai nisa da jarka a kai kafin su fito kasuwa. Kullum zancenta ruwa. Wuyanta ya riƙe, in za ta waiga sai ta juyo da duk jikinta.

Ana nan sai Anti Ladi ta kira ni ɗaki, tana kallon ƙasa. Uwar mijinta za ta zo jinya daga gida, falon ake so. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata. Ban ji haushinta ba, amma na san in na bar falon nan ba ni da inda zan ajiye jakata sai motar Misau.

A satin ne Madam ta shigo da fara'a. Wasu Turawa da take hulɗa da su suna so su tallafa mata ta kai yoga karkara, amma sai sun ga hotuna tukuna. Tana neman ƙauye, matan ƙauye na gaske, in da hali da shanu a bayansu. Ba wanda ya tambaye ni. Ni na ajiye bokiti na ce, "Ma, na san wasu."

Ta ce in abin ya yi kyau, ɗakin da ke bayan gidanta nawa ne, kuma za ta buɗe ajin matan Hausawa in riƙa taya ta koyarwa. Na sauka da gudu wurin Dada. Ta ce me za a yi? Na ce numfashi ne da motsa jiki, yana maganin gajiya da ciwon wuya. Ta yi dariya har da tafawa, ta ce tunda ni ce, mu zo.

Ranar Asabar da hantsi muka isa rugar, ni da Madam da mai ɗaukar hoto. An share fili tsakanin bukkoki, mata sun yi kwalliya kamar ranar suna. Maza suka tarbe mu, suka koma gindin wata bishiya a gefen filin da sandunansu da malafunansu, shanu a bayansu. Wanda ya yi mana maraba da yawun rugar shi ne Buba, mijin Hajjo, wato surukin Dada.

A nan sai na yi bayani ga wanda bai sani ba. Tsakanin Dada da Buba akwai kunya mai nauyi. Ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "uban yaran nan". Ba ta ci a gabansa, ba ta sha, ba ta miƙe ƙafa. In suka haɗu a hanya ɗaya yakan ratse cikin ciyawa. Shekara da shekaru suna ruga ɗaya, bai taɓa ganinta a kishingiɗe ba. Ni kuwa ba baƙuwar wannan ba ce, kakata ta wajen uwa haka ta yi da mahaifina har ta koma ga Allah. Saboda haka kada wani ya ce rashin sani ne ya sa ni.

Farkon abin ya tafi daidai. Mata suka zauna a tabarmin roba, Madam tana faɗa da Turanci ina mayarwa da Hausa. Aka ja iska, aka sake, 'yan mata suna ƙyalƙyala dariya. Aka ɗaga hannuwa, aka juya wuya. Dada ta ce kai, abin nan yana shiga. Har na fara jin daɗi.

Sai aka zo na ƙarshe, wanda a wurin aiki muke kira kwanciyar gawa. Mutum ya kwanta rigingine, ya ware hannuwa da ƙafafu, ya rufe ido. Madam ta kwanta ta nuna. Da na faɗa da Hausa, dariya ta ɗauke. Kowace mace ta sunkuyar da kai, wasu suna satar kallon gindin bishiya. Dada ta gyara lulluɓinta ta ce a hankali, "Wannan kam a'a, 'yar nan."

Na gaya wa Madam sai dai a ce maza su tashi. Mai hoto ya yi tsalle ya ce ai mazan nan da malafuna da shanu su ne hoton, in suka tashi an zo a banza, kuma rana tana yin sama. Madam ta jawo ni gefe. Ba ta ɗaga murya ba.

"Saudatu, please talk to them. Wannan hoto shi ne suke so. Idan babu shi, babu project, babu komai. Ka gane?"

Na gane sarai. Nan take ƙirjina ya rufe, irin rufewar gadar Karu. Na ga kaina a tashar mota da jaka, na ga Inna a ƙofar gida da maƙwabta. Sai na yi abin da na saba. Na ɗora hannu a ciki, na ja huɗu, na saki shida, sau uku. Ƙirjin ya buɗe, kaina ya washe, muryata ta dawo. Da wannan natsuwar na juya wurin matan.

Na ce, "Madam ta ce hoton nan masu haƙa rijiya za a kai wa. Sai sun ga yadda gajiyar ɗiban ruwa take kwantar da ku sannan za su zo su haƙa muku burtsatse a nan."

Ko gargada ban yi ba. Da a ce ciwon ya ci ƙarfina a lokacin, da na zube a ƙasa an yayyafa min ruwa an watse, kowa da mutuncinsa. Wannan tunanin har yau yana cina.

Dada ta juyo da duk jikinta ta dube ni.

"Ke kika ji da kunnenki?"

"Ni na ji, Dada."

Ta dubi 'yan matan da ke bayanta, waɗanda su ne masu ɗaukar jarka. Ba ta dubi gindin bishiya ba ko sau ɗaya. Ta ja zaninta ta rufe ƙafafunta har yatsu, ta dafa ƙasa, ta kwanta rigingine. Ɗankwalinta ya zame, furfura ta fito, ba ta gyara ba tunda an ce a ware hannuwa. Ganin babba ta kwanta, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya.

Buba ya miƙe tsaye kamar wanda kunama ta harba. Ya juya baya, ya saɓa sandarsa ya shige cikin shanu, sauran mazan suka bi shi. Amma mai hoto ya riga ya samu abin da yake so. Madam, wadda ba ta ji abin da na faɗa ba, ta rungume ni a mota tana cewa ni haziƙa ce. Ban ɗora mata laifin ba, ba ita ta ambaci rijiya ba.

Na samu ɗakin. Na samu ajin. Ranar da na kwashe kayana daga Karu, Anti Ladi har da hawaye, ta ce ta san zan yi abin kai. Na aika wa Inna atamfa, ta sake zagaye unguwa. Hoton kuwa aka buga shi ƙato aka manna a bangon ɗakin yoga: Dada a kwance ido rufe, shanu a baya, maza a gindin bishiya. Matan manya suna tsayawa gabansa su ce, "Masha Allah, dubi natsuwa." A ƙarƙashinsa nake tsayawa kullum ina ce musu su ja iska su saki damuwa.

Dada ba ta sake zuwa gindin dogon yaro ba. Na daina bi ta bayan benen, na koma zagayawa ta titi don kada in haɗu da Hajjo. Bayan kamar wata biyu mai gadi ya hawo ya ce wata mai nono tana nemana a ƙasa. Hajjo ce, da ƙwarya a kai, ta rame. Muka gaisa sama-sama. Na tambayi Dada.

"Dada ta bar rugar. Tana Yangoji wurin yayana. Tun ranar nan ta kasa fitowa daga bukka in Buba yana gida, shi ma ya koma kwana wajen garke. Da ta ga abin zai raba ni da mijina, sai ta tattara ta tafi."

Hajjo ta sauke ƙwaryar ta ajiye a kan dakali.

"Saƙo ta ba ni. Ta ce in tambaye ki ko hoton ya isa wurin masu rijiyar. Ta ce in bai fito da kyau ba ne ya sa suka yi shiru, ki faɗa, za ta dawo ta sake kwanciya."

Na ji ƙirjina ya fara rufewa. Wannan karon ban ƙirga komai ba, na bar shi ya rufe. Da ƙyar maganar ta fita.

"Hajjo, babu rijiya. Ba wanda ya ce za a haƙa. Ni na ƙirƙira."

Na zaci za ta zage ni, ko ta ɗaga hannu, kuma da na fi son haka. Kallona kawai ta yi.

"Na sani. Uban yarana ma ya sani, tun a ranar ya ce bakin matar can bai yi tsawon maganar da kika faɗa ba. Duk rugar an sani. Ita kaɗai ce ba ta yarda ba, ta ce 'yar Misau ba za ta yi mata haka ba." Ta ɗora gammo ta ɗauki ƙwaryarta, na kai hannu zan taya ta, ta kauce. "Ni ba zan gaya wa uwata ta kwanta a banza ba. Ke kika kwantar da ita, ke za ki je ki faɗa mata."

Ta tsallaka titi ta tafi, ni kuma na hau sama, don ajin ƙarfe huɗu ya taru suna jirana.

Wata bakwai ke nan da wannan maganar. A Gwagwalada ake shiga motar Yangoji, na tambaya har sau uku, kuma kowace Lahadi ba ni da aiki. Har yau ban je ba.